Shingen iksora da ya yi ɗorawa a gindin sabuwar katanga

Iksora ƙaramar bishiyar ado ce mai duhun ganye, kore shar mai sheƙi, furenta kuma curi-curi a kan reshe, ja ko ruwan goro ko ruwan hoda, kowane ɗan fure da kunnuwa huɗu. Masana tsirrai suna kiran wadda aka fi shukawa Ixora coccinea. Asalinta kudancin Indiya ne da Siri Lanka, kuma dangi ɗaya take da bishiyar gahawa da gadeniya. Zafin rana bai dame ta ba, shi ya sa ta bazu a lambunan ƙasashe masu ɗumi, inda ake jera ta a yi shinge da ita. Abu biyu ne ba ta ɗauka: sanyi mai tsanani, da ƙasar da ba ta da tsami. Na biyun ne ya kusa hallaka shingen da za a yi bayaninsa a nan.

Wata mai gida ce ta gina sabuwar katangar bulo, aka yi mata yaɓen siminti, aka kuma zuba kankare a hanyar shiga gidan. Tsakanin katangar da hanyar aka bar ɗan siririn fili da faɗinsa bai kai mita ɗaya ba, nan aka jera iksora tushe 12. Inda katangar ta ƙare sai shingen ya karya kwana ya miƙe cikin tsohuwar ƙasar lambun, wadda magina ba su taka ba, a nan kuma aka dasa tushe 8. Duka 20 ɗin iri ɗaya ne, daga wurin reno ɗaya aka ɗauko su, rana ɗaya aka dasa su, kuma ruwan rijiyar burtsatse ɗaya suke sha daga hannun mai ban ruwa ɗaya. Ba da niyya ba an shirya gwaji mai kyau, domin bambancin da ke tsakaninsu wurin zama ne kawai.

A watannin farko babu abin cewa. Saiwoyin suna cikin ƙasar da suka zo da ita daga wurin reno, ita suke ci. Da suka fara ratsawa cikin ƙasar wurin sai sabon toho na gindin katanga ya riƙa fitowa da launin ɗorawa. Toho na gaba ya fi shi kodewa. Can sai ga ƙananan ganye fari fat, bakinsu ya ƙone, wasu rassan suna bushewa daga sama. Na cikin fili kuwa korensu bai kai yadda ake so ba, amma suna girma. Fure dai babu na kirki a ko'ina, daga gindin katanga har fili.

Mai kula da lambun ya yi abin da kusan kowa zai yi. Ya ce yunwa ce, ya zuba takin NPK 15-15-15. Da bai ga sauyi ba ya bi shi da yuriya. Shukar ta yi sabon toho da yawa, duk ɗorawa. Sai ya ce to ƙishi ne, tunda katanga da kankare suna ɗaukar zafi suna mayar wa shukar, ya koma ban ruwa safe da yamma. Wani ya ba shi shawarar toka, ya barbaɗa ta a gindi. Da ya ga ganyen ƙasa sun yi baƙi-baƙi, ya yi feshin maganin ƙwari. Kowane mataki a cikin waɗannan yana da hujjarsa, kuma ba zan ce mutumin bai san aikinsa ba. Sai dai huɗu daga cikin biyar ɗin ƙara wa Borno dawaki suka yi.

Abin da ganyen ke nunawa

Tambayar da ba a yi ba tun farko ita ce: wane ganye ne ya yi ɗorawa, tsoho ko sabo? Amsar wannan tana raba matsaloli gida biyu. Akwai sinadaran da shuka ke iya kwashewa daga tsohon ganye ta kai wa sabo idan sun yi ƙaranci, irin su naitirojin da magnesiyam da fotasiyam. Idan ɗaya daga cikinsu ne ya gaza, tsofaffin ganye na ƙasa ne za su fara kodewa, toho kuwa ya zauna da korensa. Akwai kuma waɗanda in sun shiga ganye sun shiga ke nan, ba sa fitowa, kamar sinadarin ƙarfe da manganis. Idan su ne suka gaza, tsohon ganye yana nan kore, sabon ne zai fito a kode.

A wannan shingen tsofaffin ganye kore ne. Sabbin ne ɗorawa, kuma in an ɗaga ɗaya an duba shi a haske, jijiyoyinsa suna nan kore siriri kamar raga, tsakaninsu ne ya kode. Wannan ita ce alamar ƙarancin sinadarin ƙarfe, kuma ƙarancin manganis yakan yi kama da ita ƙwarai, sau da yawa ma tare suke zuwa. Shuka tana buƙatar ƙarfe kafin ta iya haɗa kulorofil, wato sinadarin da ke ba ganye launin kore ya kuma ba shi damar sarrafa hasken rana. Taki mai naitirojin ba ya maganin wannan. Abin da yake yi shi ne ya tura shukar ta fitar da ƙarin ganye, alhali ɗan ƙarfen da take samu bai ishi waɗanda ke akwai ba.

Tambaya ta biyu: wane tushe ne ya fi jin jiki? Da aka bi shingen daga farko zuwa ƙarshe sai aka ga abin a jere yake. Mafi muni su ne na kusurwar da magina suka riƙa kwaɓa siminti suna wanke kwanoninsu. Daga nan abin yana sauƙi kaɗan-kaɗan har zuwa kwana, bayan kwana kuma sai kore. Cuta ko ƙwaro ba sa bin layin katanga haka. Duk matsalar da ta bi tsarin gini, a ƙasa ake neman ta.

Kafin a yanke hukunci an tone gindin tushe biyu, ɗaya a kusurwa ɗaya a fili, domin akwai abin da ke iya kawo irin wannan alama ta wata hanya. Tsutsar saiwa, wadda ido ba ya gani, tana son iksora, kuma tana barin ƙulle-ƙulle a jikin saiwa har ta kasa jan abinci. Ba a ga ƙulli ba. Abin da aka gani a kusurwa shi ne ɓaraguzan bulo da dunƙulen busasshen siminti a ƙasa da taƙi ɗaya, ƙasar kuma jagab, wasu ƙananan saiwoyin sun yi baƙi sun fara ruɓewa saboda yawan ruwa.

Sai gwaji biyu masu sauƙi. Na farko, an ɗebo busasshiyar ƙasa daga wurare uku aka ɗiga mata ruwan khal, wato binega. Ta kusurwa ta yi kumfa tana ƙara, ta tsakiyar katanga ta ɗan yi, ta fili shiru. Kumfar nan shaida ce cewa akwai farar ƙasa a ciki, wato kalsiyam kabonet. Na biyu, an dama ƙasar da tataccen ruwa aka tsoma takardar awon pH, wato ma'aunin tsami. Ta kusurwa ta kai wajen 8, ta fili tana tsakanin 6 da 6.5. Ruwan rijiyar shi ma ya haura 7, kuma dama yana barin farin busasshen tabo a bakin famfo da kan ganye, alamar yana ɗauke da kalsiyam da baikabonet, wani sinadari mai kashe tsami.

Yadda ƙarfe ke kullewa

Ma'aunin pH yana tashi daga 0 zuwa 14. Bakwai ne tsakiya, ƙasa da shi tsami, sama da shi kuma gefen kanwa, wato alkali. Iksora ta fi jin daɗi tsakanin 5 da 6. Wanda ya ji an ce 6 da 8 zai ɗauka tazarar kaɗan ce, amma kowane mataki ɗaya ninki goma ne, saboda haka ƙasar fili ta fi ta kusurwa tsami kamar sau talatin zuwa ɗari. A wajen ƙarfe abin ya fi haka tsanani: narkewar irin ƙarfen da ya fi yawa a ƙasa mai shan iska tana raguwa kusan sau dubu a duk mataki ɗaya da pH ya hau.

Ke nan ba rashin ƙarfe ne a ƙasar ba. Yawancin ƙasa tana da shi fiye da abin da kowace shuka za ta buƙata, shi ne ma ke ba jar ƙasa launinta. Yana nan, amma ya daskare ya zama abin da ba ya narkewa a ruwa, saiwa kuwa abin da ya narke kaɗai take sha. Kamar mai kuɗi ne a akwati, makulli ya ɓata.

Shuka ba ta zama haka kawai ba. Idan ta ji ƙarancin ƙarfe, saiwarta tana fitar da ɗan tsami a kewayenta domin ta narkar da shi, sannan ta sauya shi zuwa siffar da za ta iya ja. Baikabonet shi ne ke ɓata wannan dabara, domin yana kashe tsamin nan take tun bai yi aiki ba. A nan ne yawan ban ruwa ya yi ɓarna biyu. Kowane bokiti yana kawo sabon baikabonet daga rijiya, sannan ƙasar da ta jiƙe jagab tana riƙe iskar kabon da saiwoyi ke fitarwa, ita kuma a ƙasa mai farar ƙasa tana ƙara yawan baikabonet ɗin. Ga kuma saiwar da ta ruɓe, wadda ko ƙarfen ya narke ba ta da bakin sha.

Siminti kuwa ɗanyensa pH ɗinsa yana kaiwa 12 zuwa 13. Ruwan wankin kwanon magini, da ruwan sama da ke gangarowa daga sabon yaɓe da sabon kankare, duk a ɗan siririn filin nan suke taruwa. Gangarowar tana raguwa da shekaru, amma ɓaraguzan da aka binne suna nan suna aiki a hankali. Toka ita ma alkali ce mai ƙarfi, takan kai 10 ko fiye. Tana da amfani a ƙasar da tsami ya yi wa yawa, amma a gindin iksorar da ke fama da farar ƙasa babu abin da ya fi ta muni cikin duk abin da aka zuba. Shi kuma NPK, yawan fosfet ɗin da ke cikinsa yana iya ƙara ɗaure ɗan ƙarfen da ya rage.

Akwai wata shaida da mai gidan ta tuna daga baya: a tsakiyar damina shingen yakan ɗan farfaɗo, in rani ya shigo ya koma. Ruwan sama da ɗan tsaminsa yake sauka, wajen 5.6, kuma kusan babu baikabonet a cikinsa. Lokacin da shi kaɗai shukar ke sha tana samun sa'ida.

Lissafin da ya raba gardama

Mai gidan tana son a ceto duka 20 ɗin a inda suke. Hanyar da aka sani ta ƙara wa ƙasa tsami ita ce garin farar wuta. Ƙwayoyin halitta na cikin ƙasa ne ke sarrafa shi ya zama asid, kuma aikin yana ɗaukar watanni ko da ƙasar tana da ɗumi da danshi. Matsalar ita ce muddin akwai farar ƙasa a wurin, asid ɗin ita zai fara ci, pH ba zai sauka ya zauna ba sai ta ƙare.

Ga yadda lissafin yake. Gram 32 na farar wuta ne ke kashe gram 100 na farar ƙasa, wato kusan kashi ɗaya cikin uku. Ƙasar murabba'in mita ɗaya mai zurfin santimita 30 tana da nauyin kilo 400 ko kusa da haka. In da kashi 1 cikin 100 kacal na wannan ƙasa farar ƙasa ce, kilo 4 ke nan, kuma sai an zuba farar wuta kilo 1.3 kafin a cinye ta. Shawarar da aka saba bayarwa a gindin shuka mai rai ba ta kai gram 100 a murabba'in mita a zubi ɗaya ba, don kada saiwa ta ƙone, kuma sai an bar watanni tsakanin zubi da zubi. Aikin shekaru ne, kuma ƙasar da ke kumfa da ƙara tana iya wuce kashi ɗayan nesa ba kusa ba. Katanga da rijiya kuma ba za su daina ƙarowa ba.

A ganina nan ne masu lambu da yawa suke asarar ƙarfinsu. Ƙasar da ta ɗan haura 7 ba tare da farar ƙasa ba ana iya lallaɓa ta. Wadda ke kumfa kuwa, ko dai a kwashe ta a sauya, ko a sauya shukar. Saboda haka aka raba shingen kashi uku.

Tushe 5 na kusurwa an tone su a farkon damina, da dunƙulen ƙasarsu, aka rage musu rassa kamar kashi ɗaya cikin uku, aka mayar da su cikin fili inda suke samun rana daga safe har bayan azahar. An haɗa ramin da ruɓaɓɓen ganye da takin da ya gama ruɓewa, ba a binne wuyan shukar fiye da yadda yake a da ba. A gurbinsu aka sa boganbiliya, 'yar asalin Kudancin Amurka, wadda ta fi haƙuri da irin wannan ƙasa da kuma ƙarancin ruwa. Tana da ƙaya, don haka sai an riƙa ɗaure ta a jikin katanga kada ta tare hanya. An kawo maganar oliyanda, wadda ita ma ba ruwanta da farar ƙasa, amma duk jikinta guba ne, gidan kuma akwai yara, sai aka bar ta.

Tushe 7 na sauran katangar an bar su a wurinsu. An tsince ɓaraguzan da hannu ya kai, an kwashe saman ƙasar da toka ta taɓa, aka maye gurbinsa da ƙasar fili da ruɓaɓɓen ganye. Sannan aka ba su ƙarfe, kuma a nan irin da aka zaɓa shi ne komai. Ƙarfen da ake sayarwa don shuka yana zuwa ne a naɗe cikin wani sinadari da ke hana shi daskarewa, kuma naɗin iri-iri ne. Mai EDTA, wanda ya fi yawa a kasuwa, yana sakin ƙarfen da zarar pH ya haura wajen 6.5. Mai DTPA yana jurewa zuwa wajen 7.5. Mai EDDHA ne ke riƙewa har 9 da ɗoriya. Gari ne ja mai duhu, galibi ƙarfensa kashi 6 cikin 100. Ana narka shi a ruwa a zuba a gindi bisa adadin da ke jikin kwalinsa, a bi shi da ruwa ya shige ƙasa domin haske yana lalata shi, a kuma kiyaye kankare don yana barin tabo. Fesa salfet ɗin ƙarfe a kan ganye yana kawo kore cikin kwanaki, amma ɗigo-ɗigo, a ganyen da ya taɓa kaɗai, toho na gaba kuma ya fito ɗorawa kamar ba a yi komai ba. Ba a bi ta wannan hanya ba.

Tushe 8 na fili ba su buƙaci komai ba sai ɗan garin farar wuta da sauyin taki. Ga shingen gaba ɗaya an daina toka, an ajiye yuriya da 15-15-15, aka koma amoniyam salfet kaɗan-kaɗan, wanda ke da naitirojin kashi 21 cikin 100 kuma yana barin tsami a bayansa, tare da taki mai ɗauke da manganis da magnesiyam. An shimfiɗa busassun ganye a gindi, kaurin santimita 5 zuwa 8, ba tare da sun taɓa jikin itacen ba. Ban ruwa kuma sai an tura yatsa an ji saman ƙasar ya sha iska, sannan a ba shi sosai ya ratsa. An sa ganga a ƙarƙashin indararo domin tara ruwan sama, aka ware shi don na gindin katanga.

Rashin fure da baƙin ganye

Mai gidan ta ɗauka duk abu ɗaya ne, amma rashin fure yana da nasa dalilin daban, shaidarsa kuwa ita ce na fili ma da suke da lafiya ba sa yi. Iksora a kan sabon reshe take fure, can a ƙarshensa. Mai kula da lambun yana bin shingen da babban almakashi duk bayan 'yan makonni yana daidaita shi kamar akwati, kuma kowane aski yana tafiya da kawunan da ke shirin fure. Da aka nuna masa, cewa ya yi, "Ranki ya daɗe, ai ke kika ce kina son shi a miƙe." Gaskiyarsa. Ba a samun shinge mai kaifin kusurwa da kuma fure mai yawa a iksora ɗaya, sai an zaɓa. Ta zaɓi fure. Yanzu sai curin ya bushe ake yanke shi tare da ɗan reshensa, a kuma cire reshen da ya yi tsawo fiye da 'yan'uwansa ɗaya-ɗaya da ƙaramin almakashi.

Baƙin da ke kan ganye kuwa ba cuta ba ce mai cin ganyen. Darɓa da ƙananan ƙwari masu ɓawo da ke manne a bayan ganye suna tsotsar ruwan shuka suna zubar da wani ruwa mai danƙo, a kansa baƙar funfuna ke tsirowa. Tururuwa suna hawa suna shan ruwan, suna kuma korar ƙwarin da ke cin darɓar. An wanke ganyen da ruwa mai ƙarfi, an fesa ruwan sabulu marar ƙarfi da yamma har bayan ganye, an maimaita bayan mako, baƙin ya riƙa ɓarewa da kansa.

Inda aka kwana

Cikin 'yan makonni da zuba EDDHA sabon tohon gindin katanga ya fito kore. Ganyen da suka yi ɗorawa sama-sama sun dawo, waɗanda suka riga suka yi fari suka ƙone kuwa zubewa suka yi. Daga cikin biyar ɗin da aka mayar fili huɗu sun kama, ɗaya da ruɓewar saiwa ta ci ƙarfinsa ya mutu. An cike gurbinsa da yankan reshe daga na fili: reshe mai ɗan ƙwari, tsawon santimita 10 zuwa 15, a cire ganyen ƙasa, a kafa a yashi mai danshi a inuwa, yakan yi saiwa cikin wata ɗaya zuwa biyu. Fure ya fara dawowa a fili, sannan a katanga.

Bakwai ɗin gindin katanga dai ba warkewa suka yi ba. Ƙasarsu tana nan sama da 7, kuma idan rani ya yi nisa, ganga ta ƙafe, aka koma rijiya, biyu mafi kusa da tsohuwar kusurwar suna sake kodewa a baki, sai an ƙara musu ƙarfe. Mai gidan ta yanke cewa za ta ci gaba da ba biyar ɗin EDDHA a farkon kowane rani, biyun kuma za a tone su a damina mai zuwa, boganbiliya ta ƙaraso wurinsu.